ƊAUKAR LAUYA IDAN MAGANA TA HAƊA KA DA GWAMNATI KO KAMFANIN INSHORA

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai, a zauren taro na makaranta)



Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ba ni damar tsayawa gabanku. Tun da fari ina so a sani cewa ni ba lauya ba ne, ma'aikacin gwamnati ne, wanda fayilolin jama'a ke bi ta teburinsa kullum. Saboda haka zan yi magana ne daga ɓangaren da takardun mutane ke zuwa su kwanta, ba daga ɓangaren masu sa baƙar riga da farar hula ba. 'Yan'uwanmu lauyoyi da ke cikin zauren nan sai su ƙara mana haske idan an zo lokacin tambayoyi.

Maganar da nake ɗauke da ita guda ɗaya ce. Hakkin da mutum ke bin gwamnati ko kamfanin inshora yana da wa'adi, kuma da takarda ake karɓarsa. Yawancin waɗanda suka rasa hakkinsu ba don ba su da gaskiya ba ne. Sun je wurin lauya ne bayan wa'adi ya wuce, ko kuwa sun je hannu rabbana ba takarda, ko kuma sun faɗa hannun wanda ba aikinsa ba ne.

ABIN DA YA SA MAGANAR TA SHAFE MU

Mu da muka tashi a wannan ƙetare na Kogin Kaduna, daga Kakuri da Makera da Nasarawa zuwa Barnawa da Narayi da Talbijin da Sabon Tasha, yawancinmu 'ya'yan ma'aikata ne. Wasu iyayenmu a masaƙu suka yi aiki, wasu a kamfanin haɗa motoci na Peugeot, wasu a matatar mai, wasu a jirgin ƙasa, wasu kuma a ma'aikatun gwamnati can ƙetaren gada. Albashi ne ya biya mana kuɗin makaranta, kuma garatuti da fansho su ne abin da iyayen suka sa rai da shi a tsufa.

Kowa a nan ya san labarin masaƙar KTL ta Kakuri, wadda aka buɗe a 1957 a zamanin gwamnatin Jihar Arewa, daga baya ta zama mallakar jihohin Arewa 19. An rufe ta a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekara da shekaru suna neman hakkinsu na sallama, da yawa daga cikinsu har suka riga mu gidan gaskiya ba su karɓa ba. Daga nan magana ta koma kan matansu da 'ya'yansu, waɗanda da damansu ba su san inda takardar ɗaukar aiki ta maigida take ba, balle lambarsa ta ma'aikata. Yau mu ne a kan kujerun aiki, mu ne masu motoci da shaguna da filaye. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

WA'ADIN WATA UKU

Akwai wata doka da ake kira Dokar Kare Jami'an Gwamnati. Turawan mulkin mallaka ne suka kafa ta a 1916, suka kwaikwayo ta daga wata dokar Ingila ta 1893. Su Ingila sun soke tasu tun 1954, mu kuwa tamu tana nan cikin kundin dokokin tarayya. Sashe na 2 na dokar ya ce duk wanda zai kai ƙarar jami'in gwamnati a kan wani abu da ya yi, ko ya ƙi yi, a bakin aikinsa, to ya shigar da ƙarar cikin wata uku daga ranar da abin ya faru. Idan kuma cutarwar mai ci gaba ce, cikin wata uku daga ranar da ta tsaya. In wata ukun ya wuce, kotu ba za ta ma saurari wanda ke da gaskiya ba, za ta kori ƙarar ne tun daga bakin ƙofa.

Babbar shari'ar da lauyoyin Nijeriya ke kafa hujja da ita a kan wannan doka daga nan Kaduna ta tashi, wato shari'ar Ibrahim da Kwamitin Kula da Ma'aikatan Shari'a na Jihar Kaduna, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1998. An raba mai ƙarar da aikinsa, bai zo kotu ba sai bayan wa'adin ya shige. Aka yi muhawara cewa dokar mutane take karewa, ba hukumomi ba. Kotun Ƙoli ta ce a'a, kariyar ta haɗa har da hukuma da kwamiti da ofis, ba sai mutum mai jini da tsoka ba. Ƙararsa ta mutu a kan lissafin kwanaki.

To, yaya muke yi idan irin wannan ta same mu? Mutum ya sami takardar sallama daga aiki, ko ta tilasta masa ritaya. Sai ya rubuta takardar roƙo. Sai ya nemi wani babba ya yi masa magana da Babban Sakatare. Sai a ce masa ya yi haƙuri, fayil yana kan teburin maigida. Sai a ce ya dawo bayan salla, ko bayan Kirsimeti. Kafin ya ankara wata biyar sun wuce. An ce mahaƙurci mawadaci, gaskiya ne, amma agogon kotu ba ya tsayawa don ana lallashi. Kotun Ƙoli ta faɗi haka ƙarara a 1994 a shari'ar Eboigbe da Kamfanin Mai na Ƙasa. Mutumin ya ce an lalata musu amfanin gona wajen shimfiɗa bututun mai, ya yi ta musayar wasiƙu da kamfanin ana neman sulhu, da abin ya ƙi sai ya tafi kotu. Kotu ta ce zaman sulhu ba ya dakatar da wa'adi.

Gaskiya ne akwai abubuwan da kotuna suka ce dokar wata ukun ba ta shafe su ba, kamar saɓa yarjejeniyar kwangila da neman a mayar wa mutum filinsa. A kan batun ma'aikacin da aka kora kuwa, Kotun Ƙoli ta taɓa yankewa cewa dokar ba ta shafi yarjejeniyar aiki ba, daga baya kuma ta yanke wasu hukunce-hukuncen da suka yi amfani da dokar a kan ma'aikata. Inda manyan alƙalai da kansu suka sha bamban, mai hankali ba ya caca da hakkinsa. Ka ɗauka wata uku gare ka, ka nemi lauya a makon farko.

Wani abin da ke ƙara matse lokacin shi ne, dokokin da suka kafa hukumomi da yawa sun wajabta a ba hukuma sanarwa a rubuce kafin a kai ta ƙara, galibi wata guda. Idan ka cire wata guda daga uku, ka ga biyu suka rage. Wanda ya je wa lauya saura mako biyu wa'adi ya cika, ya ɗaure masa hannu.

WACE KOTU?

Shari'a da gwamnati ba kowace kotu ke da hurumin jin ta ba, kuma kuskuren ƙofa kan cinye shekaru. Duk abin da ya shafi aiki, wato kora, albashi, garatuti, fansho da rauni a wurin aiki, hurumin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ne, tun bayan gyaran tsarin mulki na 2010 da ya ƙara sashe na 254C. Tana da reshe a nan Kaduna. Ƙalubalantar matakin mulki na gwamnatin tarayya ko hukumominta galibi na Babbar Kotun Tarayya ne, bisa sashe na 251. Rikicin fili mai takardar gwamna a cikin birni kuwa na Babbar Kotun Jiha ne. Idan lauya ya kai ka kotun da ba ta da hurumi, ko da kun yi nasara, a ɗaukaka ƙara za a rushe komai, a ce a koma farko.

Ga 'yan'uwana ma'aikatan gwamnati, mu san cewa aikinmu doka ce ta tsara shi, ba kamar na yaron shago ba ne. Tun shari'ar Shitta-Bey ta 1981 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa ma'aikacin gwamnati da aka cire ba bisa ƙa'ida ba yana da hakkin a mayar da shi bakin aikinsa. Amma irin wannan shari'a tun daga takardar tuhuma ta farko ake cin ta ko a faɗi. Amsar da ka rubuta cikin fushi ko cikin tsoro, ita ce za a karanta a gaban alƙali bayan shekara uku. Ba laifi ba ne ka nuna wa lauya amsarka kafin ka miƙa ta.

Ga masu filaye da gidaje, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon soke mallakar fili saboda amfanin jama'a, kamar hanya ko asibiti, amma da sharaɗin ba da sanarwa da biyan diyyar abin da aka gina ko aka shuka a kai. Mun ga yadda aikin sabunta birnin Kaduna da aka ƙaddamar a 2019 ya bi ta unguwanni da kasuwanni. A irin wannan hali tambayar farko da lauya zai yi maka ita ce, ina takardarka ta hukumar filaye ta KADGIS, ina kuma izinin gini na KASUPDA? Takardar mai unguwa tana da amfaninta, amma ba ta kai waɗannan nauyi ba.

Sai kuma abin da ba a cika gaya wa mai ƙara ba: cin shari'a daban, karɓar kuɗi daban. Sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati don biyan wanda ya ci shari'a, sai an sami amincewar Antoni Janar. Wato sai ka nemi izinin babban lauyan wanda ka kayar. Saboda haka ka tambayi lauyanka tun ranar farko: in mun yi nasara, ta wace hanya kuɗin za su fito? Lauyan kirki zai gaya maka gaskiya, wani lokaci ma ya ba ka shawarar karɓar sulhu mai ɗan ragi maimakon hukuncin da zai zauna a takarda.

INSHORA: ABIN DA KA SA WA HANNU SHI NE NAKA

Yanzu bari in juya ga inshora. Mutanenmu sun daɗe suna cewa kamfanin inshora ya iya karɓa bai iya biya ba. Akwai kamfanonin da suka jawo wa sana'ar wannan suna, amma sau da yawa matsalar tana cikin takardar yarjejeniyar da ba mu karanta ba. Ga wurare biyar da aka fi faɗuwa.

Na ɗaya, ba biya ba kariya. Idan kuɗin shekara bai shiga hannun kamfani ba kafin asara ta auku, babu abin da za ka karɓa. Wanda ya ba wani ejan kuɗi a tasha ko a bakin ofishin lasin bai karɓi rasit na kamfani ba, yana iya yiwuwa takarda kawai ya saya. A watan Janairun 2023 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshorar motar gida, irin wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiyar da aka lalata daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. 'Yan sanda suka fara matsa lamba a kan takardar daga 1 ga Fabrairun 2025. Akwai rumbun bayanai na NIID inda mutum zai sa lambar motarsa ta waya ya ga ko inshorarsa ta gaske ce. A tuna kuma, irin wannan inshora ba ta gyara motarka, ta wanda ka buga take gyarawa.

Na biyu, abubuwan da aka cire. Inshorar gobara ta yau da kullum ba ta haɗa da tarzoma ko ambaliya ba, sai an ƙara su da ƙarin kuɗi. Mu mutanen Kaduna ba sai an yi mana bayani ba. Mun ga abin da ya sami shaguna da gidaje a rikicin 2000 da na 2002 da na bayan zaɓen 2011, mun kuma ga yadda kogi ya shiga unguwannin da ke bakinsa a 2003 da 2012. Mai shago a Kakuri ko mai gida a gangaren Barnawa da ya yi inshorar gobara kaɗai, ya bar manyan ƙofofi biyu a buɗe.

Na uku, rage darajar kaya. A ce kayan shagonka sun kai naira miliyan 10, amma don ka rage kuɗin da za ka biya sai ka ce na miliyan 5 ne. Gobara ta ci kayan miliyan 4. Kamfani ba zai ba ka miliyan 4 ba, miliyan 2 zai ba ka, domin rabin dukiyar ka sa a inshora, rabin asarar kuma naka ne. Araha ba ta ado.

Na huɗu, ɓoye gaskiya da jinkirin sanarwa. Idan ka rubuta cewa motar ta gida ce alhali kana ɗaukar fasinja daga Sabon Tasha zuwa Kachia, kamfani yana da hujjar ƙin biya. Haka kuma kowace yarjejeniya tana da kwanakin da za a sanar da kamfani asara a cikinsu. A sanar a rubuce, a karɓi rahoton 'yan sanda ko na 'yan kwana-kwana, a ɗauki hotuna kafin a share wuri.

Na biyar, takardar sallama. Mai kimanta asara da zai zo ya duba, kamfani ne ya turo shi, shi ke biyansa. Bayan ya gama za a kawo maka takardar da ke cewa ka karɓi kaza, kuma ka sallami kamfani daga duk wani nema. Da zarar ka sa hannu, magana ta ƙare. Nan ne ya fi dacewa lauya ya duba, kafin alƙalami ya taɓa takarda.

A ƙarƙashin Dokar Inshora ta 2003 an ba kamfani kwana 90 ya biya ko ya bayyana dalilin ƙin biya. A 2025 aka sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora wadda ta maye gurbinta, saboda haka ka tabbata lauyanka da sabuwar yake aiki. Kafin a je kotu, NAICOM tana da sashen karɓar koke-koke, kuma wasiƙar lauya ɗaya mai hujjoji zuwa can kan yi abin da zirga-zirgar wata shida ba ta yi ba. Ga waɗanda ke da damuwa ta addini game da inshora, akwai tsarin takaful, wanda hukumar ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. Shi ma dai yarjejeniya ce, sai an karanta.

HAKKI BIYU DA IYALAI KE BARI

Akwai hakki biyu da iyalan ma'aikata kan bari saboda rashin sani. Na farko, Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai ta rukuni, wadda ba za ta gaza ninki uku na albashin ma'aikaci na shekara ba. Idan ma'aikaci ya rasu yana bakin aiki, wannan kuɗi daban yake da abin da ke cikin asusunsa na fansho. Na biyu, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, tana biyan wanda ya ji rauni ko ya rasu saboda aiki. Ita ma da nata wa'adin: a sanar da wurin aiki cikin kwana 14, a shigar da nema cikin shekara guda.

A nan ina so in gyara wata fahimta. Sunan da ka rubuta a fom a matsayin makusancinka ba ya mayar da shi magajinka. Shi dai wanda za a nema ne idan wani abu ya faru. Kuɗin asusun fansho da na banki sai da wasiyya ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga Babbar Kotu ake fitar da su, sannan a raba bisa shari'ar Musulunci ko bisa dokar da ta shafi mamacin. Gwauruwa mai 'ya'ya ƙanana ba za ta iya wannan zirga-zirga ita kaɗai ba. A nan ake bukatar lauya mai tsoron Allah, a nan kuma ake bukatar ƙungiya irin tamu.

YADDA ZA KA ZAƁI LAUYA

Na farko, ka tabbata lauya ne. A harabar kotuna akwai 'yan kamasho masu kwat da jaka waɗanda ba su taɓa shiga makarantar lauyoyi ba. Lauyan gaske sunansa yana cikin rajistar Kotun Ƙoli, yana da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya mai ɗauke da sunansa da lambarsa, wanda yake mannawa a takardun da ya rubuta. Ƙungiyar tana da reshe a Kaduna, tana kuma da reshen Barnawa a wannan ƙetare namu, inda za a iya tambaya. Kada a raina wannan batu na suna da sa hannu. A 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka sa wa hannu da sunan kamfanin lauyoyi maimakon sunan lauya. Shi ya sa Bahaushe ya ce shari'a saɓanin hankali.

Na biyu, ka nemi wanda ya saba da irin matsalarka. Kamar yadda likitan ido ba ya fiɗar ciki, haka lauyan da ya ƙware a belin masu laifi ba lalle ne ya san Kotun Ma'aikata ko yarjejeniyar inshora ba. Ka tambaye shi kai tsaye: ka taɓa yin irin wannan? A wace kotu? Yaushe wa'adina zai cika? Lauyan da bai fara da tambayar kwanan watan takardarka ba, ka yi hattara da shi. Wanda kuma ya ce maka ya san alƙali, ko ya rantse maka za ku ci, ka ɗauki fayil ɗinka ka fita.

Na uku, ka tambaye shi ko yana yi wa ɗaya ɓangaren aiki. Ofisoshin lauyoyi da yawa suna da yarjejeniya da hukumomi da bankuna da kamfanonin inshora, ƙa'idar aikinsu kuma ta hana su tsayawa ɓangare biyu. Haka nan 'yan ajinmu da ke Ma'aikatar Shari'a, lauyoyin gwamnati ne, doka ta hana su aikin kansu. Kada mu sa su a tsaka mai wuya don zumunci.

Na huɗu, maganar kuɗi a rubuta ta. A 2023 aka fitar da umarnin da ya tsara mafi ƙarancin kuɗin aikin lauya, saboda haka zamanin "kawo abin da ya sawwaƙa" yana wucewa. A rubuta nawa ne kuɗin aiki, nawa ne na shigar da ƙara, nawa ne na zuwa kotu kowane zama, ko kuɗin ya haɗa da ɗaukaka ƙara. A shari'ar neman hakki ana iya yarjejeniya cewa lauya zai ɗauki wani kaso daga abin da aka samu, amma a rubuta kason tun kafin kuɗi su fito. Duk abin da ka biya, ka karɓi rasit. Idan kuɗinka suka biyo ta hannunsa, amana ce, doka ta ce ya ajiye su a asusu dabam. Wanda ya ci amana akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda ke da ikon cire sunansa daga rajista.

Na biyar, ka gaya masa komai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ka ɓoye wa lauyanka, lauyan ɗaya ɓangaren zai fito da shi a gaban alƙali. Doka ta wajabta masa riƙe sirrinka. Ka ba shi kwafin takardu, ka riƙe na asali sai ranar da kotu ta nema. Ka riƙa zuwa zaman kotu da kanka, ka san lambar ƙararka da ranar da aka ɗaga ta.

IDAN BABU HALI

Wanda ba shi da kuɗin lauya ba a rufe masa ƙofa ba. Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a Kaduna, tana kuma tsaya wa marasa ƙarfi, har da shari'ar haɗari da ta take hakkin ɗan Adam. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda gwamnatin Janar Murtala ta kafa a 1975, marigayi Ɗanmasanin Kano Alhaji Yusuf Maitama Sule ya shugabance ta, kyauta take aiki, kuma ta fi dacewa da fansho da garatutin da suka maƙale. Sai dai ba ta karɓar koken da ya wuce wata 12, ko wanda ke gaban kotu, kuma zuwa wurinta ba ya tsayar da agogon wata uku. Mata da marayu suna iya neman ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Idan kuma mutane da yawa abu ɗaya ya shafa, kamar 'yan fansho ko 'yan kasuwa ɗaya, su haɗa kuɗi su ɗauki lauya ɗaya ƙwararre. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

KAMMALAWA

Mai girma shugaba, ina da shawara uku ga wannan ƙungiya. Ta farko, kowannenmu idan ya koma gida ya buɗe fayil guda, ya sa takardar ɗaukar aiki da ta tabbatarwa da ta ƙarin girma, da lambar asusun fansho, da takardun fili, da na inshora da rasitansu, ya kuma nuna wa matarsa ko mijinta inda yake. Duk wasiƙar da za ka kai ofis, ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Ni da nake zaune a ofis ina tabbatar muku, wasiƙar da ba ta da hatimin karɓa kamar ba a kawo ta ba ce.

Ta biyu, ƙungiya ta kafa ƙaramin kwamiti na 'yan'uwanmu lauyoyi masu zaman kansu da waɗanda ke aikin inshora, wanda ɗan ƙungiya zai iya tuntuɓa a makon farko na matsalarsa, ko da don a gaya masa wa'adinsa da kotun da ta dace ne kawai.

Ta uku, kwamitin ya fara aikinsa da iyayenmu malamai da suka yi ritaya, da iyalan waɗanda suka rasu daga cikinsu. Su ne suka koya mana rubuta wasiƙa da sa kwanan wata a samanta. Bai kamata a ce hakkin ɗayansu ya maƙale a wani ofis alhali ɗalibansa suna cike da ofisoshin ba.

Allah ya raba mu da tsayawa gaban alƙali, in kuma tsayawar ta zama dole, Allah ya haɗa mu da masu gaskiya. Allah ya ji ƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka rasu, ya ɗaukaka wannan makaranta, ya ba Jihar Kaduna da ƙasarmu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.